Sikana na fitar da layi a takarda, wani lokaci kuma kwamfuta ta ce ba ta gan ta ba

"Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Ina da ɗan shagon kwamfuta nan Ƙaura Namoda, mafi yawan masu zuwa wurina ɗaliban foli ne. Sikanata irin siririyar nan ce mai murfi wadda ba ta da wayar wuta sai ta USB kawai. Tun da hunturun ga ya shigo duk takardar da na ɗora sai wani layi baƙi-baƙi ya fito tun daga sama har ƙasa, na goge gilashi har na gaji bai tafi ba. Sannan wani lokaci ana cikin aiki sai kwamfuta ta ce ba ta ga sikana ba, jiya ma har wata ƙara ta yi kar-kar-kar ta tsaya a tsakiya. Wani ya ce min in jefar in sayi sabuwa. Don Allah mi ka gani?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka abu uku ke damunka, layin da ke fitowa a jikin takarda, da ɓacewar da sikanar ke yi wa kwamfuta, sai ƙarar da ta yi ta tsaya. Abu na farko da zan ce maka shi ne kar ka jefar da ita tukuna. Yawancin sikanonin da ake kawo min shago nan Gusau ana cewa sun mutu, in an duba ƙura ce ko waya ce ko wutar da ke shiga cikinsu ce ba ta isa, kuma wallahi abin na ci min rai in ga mutum mai ƙaramin jari ya kwashi kuɗi ya sayi sabuwa saboda ƙwayar ƙura guda. Layin daban yake da sauran biyun, amma ina kyautata zaton ɓacewar da ƙarar uwarsu ɗaya, za ka ga dalili in munka iso wurin.

Abin da ke ƙarƙashin gilashin

Wannan sandar mai haske da kake gani tana tafiya ƙarƙashin gilashi ita ce idon sikanar. Fitila ce da ke haska takarda, da jerin ƙananan idanu dubbai a layi guda da ke karanta hasken da ya dawo. Ba ta ɗaukar takarda gaba ɗaya lokaci guda kamar kyamarar waya, ziri-ziri take karantawa tana matsawa, wani ɗan moto ne ke jan ta da bel mai haƙora a kan wani ƙarfe da take zamewa bisa, sai wata faffaɗar waya siririya mai lanƙwasa da ke bin ta tana kai saƙo ga bod, wato allon lantarkin da ke cikin na'urar. Can gefen da sandar ke kwanciya kuma, a ƙarƙashin robar da ta rufe bakin gilashi inda ba ka gani, akwai wani farin ziri da anka manna. Kafin ta fara aiki sai ta leƙa wanga ziri ta auna da shi ta ce to wannan shi ne fari, da shi take daidaita idanunta duka.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai CIS, su ne siraran nan marasa nauyi irin taka, kamar jerin Canon LiDE ko Epson V39, idanun na manne kusa da gilashi, fitilar LED ce, ba su cin wuta shi ya sa USB kaɗai ke riƙe su. Akwai kuma CCD, masu kauri masu adafta tasu daban kamar Epson V600, su a ciki akwai madubai da lens da ke karkato haske zuwa ga ido. Ka riƙe wannan bambancin don gyaransu ba ɗaya ba ne.

Maganar layin

Kafin ka taɓa sukurdireba ka tabbatar layin daga sikanar yake. Buɗe hoton a kwamfuta ka zuƙo shi sosai ka duba. Na sha ganin masu shago da ke sikanin su buga nan take, sai su ga layi a takardar da ta fito su ɗora wa sikana laifi alhali firinta ce ke jan layin. In a fuskar kwamfuta babu layi, to ka koma kan firinta. In yana nan, sai ka ɗauki farar takarda sabuwa fil wadda ba a rubuta komai ba ka yi sikanin ɗinta, ka juya ta ƙasa ta koma sama ka sake. Layin da ya tsaya wuri guda duk yadda ka juya takarda na cikin na'ura ne.

Ga abin da ya sa gogar da ka yi ba ta yi amfani ba. Dattin da ke kan gilashi, sama ko ƙasa, ɗigo yake fitarwa ko tabo a wuri ɗaya, don sandar za ta zo ta wuce shi. Amma ƙurar da ta zauna kan ita sandar tafiya take yi da ita tun daga farko har ƙarshe, kamar tsakuwar da ta maƙale a katakon mai shafen siminti, duk inda ya ja sai ta bar zane. Don haka layi dogo daga sama har ƙasa ba aikin saman gilashi ba ne, ko ka kwana kana goga.

Launin layin ma na ba da labari. In duhu ne mai ɗan dishi-dishi a gefe, galibi ƙura ce a kan idon. In layin ya fi sauran takardar haske, wato fari-fari ne, to ka zargi farin zirin nan na awo, datti ya hau shi, sikanar ta ga wurin ya yi duhu sai ta ɗauka idonta ne ya raunana ta ƙara masa ƙarfi, sai ƙarin ya fito a kowace takarda. Wanda ba na son gani shi ne siririn layi tsaf mai kaifi kamar an ja da rula, ja ko kore ko shuɗi, wanga sau da yawa ido ne ya mutu ko faffaɗar wayar nan ta fara karyewa, goga ba ta maganinsa. Kai ka ce naka baƙi-baƙi ne kuma da hunturu ya fara, to ina ganin ƙura ce, kuma kowa ya san yadda ƙurar nan tamu take daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko akwati ka rufe sai ta shiga balle na'ura mai ramuka a gindi.

Fara da mai sauƙi. Cire USB ka bar ta kamar minti ɗaya ka mayar, ka bari ta yi ɗan motsin nan nata ta gama. Sannan ka shiga saitin direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wasu suna da wurin da anka rubuta Calibration, ka danna ta sake awo murfi na rufe. Wani lokaci iyakar abin ke nan. In bai tafi ba sai buɗewa, in kuma har yanzu tana cikin garanti to ka mayar wa wanda ya sayar maka, don kana buɗewa garantin ya faɗi.

Yadda nake buɗe su shi ne, in cire waya, in zare murfi, in nemo sukurori, wasu na ɓoye ƙarƙashin inda murfin ke shiga ko ƙarƙashin robobin ƙafa. Siraran nan da yawa ba sukurori ke riƙe su ba, 'yan maƙalai ne na roba, wasu kuma gilashin da gam mai fuska biyu anka manna shi, don haka a hankali ake bi da wani abu na roba kamar tsohon katin ATM, ba a ɓanɓara da wuƙa. Ka yi aikin cikin ɗaki a rufe, fanka a kashe, gara da sassafe kafin iska ta taso, in ba haka ba ƙurar da za ta shiga ta fi wadda ka fitar. Ka samu 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo ko waya ka hure kan sandar, kar ka hura da baki don yawu na bi. In akwai abin da ya ƙi tashi sai ka ɗan jiƙa ƙyallen goge tabarau da sifirit, wanda ake kira isopropyl ya fi don ba ya barin tabo, ka shafa sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da dannawa ba. Haka za ka yi wa ƙasan gilashin, musamman saitin farin zirin. Ban yarda da fetur ba, ko kalanzir, ko tina, ko ruwan omo, suna cin roba suna sa zirin ya yi rawaya, shi kuma zirin in ya lalace an shiga wani aikin.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka kula da shi: a bakin sandar CIS hagu da dama akwai wasu 'yan robobi ƙanana da ke gogar gilashi, ƙarƙashinta kuma akwai sifirin (spring) da ke tura ta sama. Su ke riƙe tazarar da ke tsakanin ido da gilashi. In ɗaya ta faɗi ba ka lura ba ka rufe, za ka ga gefe guda na takarda ya fito garau ɗaya gefen dishi-dishi. Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka taɓa komai. Masu CCD kuwa, madubansu a fuska anka shafa musu sinadarin, ko tishu na iya karce su, iska kawai nake hura musu, sukurorin lens kuma ba a kwance su sam don daga masana'anta anka saita su.

Ko da ba shi ne matsalarka yau ba, saman gilashi ma na son kulawa. A shagunan da ɗalibai ke zuwa, tifes da bai bushe ba, da tawadar biro, da gam ɗin bayan fasfo su ke ɓata shi, fil ɗin sitefula kuma ya karce shi har abada. A ƙyalle ake zuba sifirit, ba a fesa shi kan gilashi, don yana gangarawa ta gefe ya shiga daidai inda zirin yake.

Ɓacewa da ƙara

Ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa, kuma a ƙa'ida iyakarsa 500mA, wato wat biyu da rabi ke nan, na USB 3.0 mai shuɗin ciki yana kai 900mA. Da wannan 'yar wutar sikanarka ke kunna fitila ta juya moto ta aika hoto duk lokaci guda, babu rara sosai. To ka duba teburinka, in ka soka ta a 'yar hob ɗin nan mai rami huɗu tare da na'urar ɗaukar yatsa da kyamara da filas, ga wani ya maƙala wayarsa tana caji, wutar ba za ta ishe ta ba. Tana zaune lafiya kwamfuta na ganinta, da zarar moto ya tashi wuta ta faɗi sai ta ɓace, ko moton ya rasa ƙarfin ja ya tsaya yana karkarwa wuri guda, wannan ita ce kar-kar ɗin da ka ji. In kuma ƙura ta haɗu da tsohon giris ta daskare a kan ƙarfen da sandar ke bi, jan ya ƙara nauyi, abin ya taru ya yi mata yawa. Shi ya sa na ce ina zaton uwarsu ɗaya.

Don haka ka soka ta kai tsaye a bayan kwamfuta in ta tebur ce, ramukan baya a jikin bod suke, na gaba da siraran wayoyi anka jawo su. Ka canza wayar USB ɗin da gajera mai kauri wadda ba ta kai mita biyu ba. Ƙa'idar USB 2.0 ta yarda har mita 5, amma wayoyin arha da ke yawo a kasuwa tagullar cikinsu kamar gashi take, kuma wasu na caji ne kawai ba sa ɗaukar saƙo. Na ga sikanoni da dama da canjin waya kaɗai ya tashe su. Ka kuma girgiza kan wayar a hankali inda ta shiga jikin sikanar, in kana jin kwamfuta na ƙarar cirewa da sakawa to ramin ne ya saki daga bod, wanga duk mai gyaran waya da ya iya riƙon soda zai ɗaure maka shi.

Sai ka juya ta ka dubi gindinta. Da yawa cikin siraran nan suna da wani ɗan makulli da ake turawa mai hoton kwaɗo, na riƙe sandar ne in za a yi tafiya da ita. In yaron shago ya ja ta a kan tebur makullin na iya gocewa ya tsaya rabi da rabi, sai ta yi ta ƙara ta ƙi tafiya. Ka tura shi sosai ɓangaren buɗewa.

Gwajin da ya fi kowane raba gardama shi ne ka kai ta wata kwamfutar, laftof ta fi, ka sa direba ka gwada da sabuwar waya, ka cire cajar laftof ɗin ta yi aiki da batir. In ta yi lafiya lau can, to sikanarka ba ta da laifi, ka koma kan kwamfutarka da wutar shagonka. Wutar ƙaramin janareto da ke hawa tana sauka, ko caja marar kyau, na iya sa hoto ya fito da ratsi-ratsi a kwance, kuma kwamfutar tebur da ba ta da UPS mai riƙe mata wuta duk sanda anka juya daga wutar gari zuwa inji sai kayan USB sun ji a jikinsu.

In matsalar ta kwamfuta ce, danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Imaging devices. In sunanta na nan da alamar rawaya, direba ne, ka cire shi gaba ɗaya, ka zare sikanar, ka sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka lura ko Windows ɗinka 32-bit ce ko 64-bit, ka gama sa shi sannan ka mayar da waya. In kuwa Unknown USB Device ka gani, wannan ya fi kama da waya ko rami ko wuta. Akwai kuma dabarar Windows ta kashe ramukan USB don tattalin wuta, ka shiga Power Options ka nemo USB selective suspend ka kashe shi, wanga na yawan jawo a bar sikana ta ɗan huta a dawo a tarar ta ɓace. Wani lokacin kuma sabis ɗin da ake kira Windows Image Acquisition ne ke sandarewa, rubuta services.msc ka nemo shi ka yi masa Restart. Kar ka buɗe manhajar sikanin biyu lokaci guda, ɗaya za ta riƙe ta ɗayar ta ce ba ta gan ta ba.

Direbobin sikana a Windows hanya biyu suke bi, TWAIN da WIA. Ina son manhajar NAPS2 don kyauta ce kuma tana barinka ka zaɓi wadda kake so cikin biyun, in ɗaya ta ƙi ka gwada ɗayar, ga haɗa shafuka da yawa su zama PDF guda cikin sauƙi. Ga masu tsohuwar sikana da kamfani bai yi mata direban Windows 10 ko 11 ba, akwai VueScan da ke tada tsofaffi da yawa, ta kuɗi ce, amma ana iya gwada ta kyauta a ga ko ta kama, sai dai za ta sa tambari a hoton har a biya.

In ka yi duk wannan ƙarar na nan, to tunda dama za ka buɗe don layin sai ka haɗa aikin. Ka goge ƙarfen da sandar ke bi tas har baƙin nan ya fita, ka sa ɗan giris na silikon kaɗan, in babu to ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai, suna kama ƙura su yi danƙo. Bel ba a sa masa mai ko kaɗan, ka dai duba bai sauka daga kan tayarsa ba, haƙoransa ba su cinye ba, sifirin da ke ɗaure shi na nan. Ka tura sandar da hannu a hankali daga farko zuwa ƙarshe waya a cire, ka ji ko akwai inda take cijewa. In kullum a wuri ɗaya tak take tsayawa ko hoton ya lalace daga daidai wurin, ka dubi faffaɗar wayar nan inda take lanƙwasa, tana tsagewa a ciki ta riƙa haɗuwa tana rabuwa. In kuma can ƙarshe take zuwa ta yi ta dukan bango, to ba ta gane wurin kwanciyarta ba ne, wasu da alamar da ke jikin zirin awo suke ganewa, goge shi na iya warware wannan ma.

Tunda da ɗalibai kake aiki bari in ɗan ƙara maka wannan. Satifiket da sakamako 300dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ya ishe su, A4 a haka na ba da ɗigo 2480 a faɗi 3508 a tsawo, in ka kai 600 nauyin ya ninka huɗu, aikin ya yi jinkiri, shafin da za a ɗora ya ƙi karɓa, mutum ya ce sikana ta lalace. Takarda mai rubutu gaba da baya da ke nuno na bayan, ɗora mata baƙar takarda a baya kafin ka rufe murfi. Littafi mai kauri kuma in wajen ɗinkin ya fito dishi-dishi ba lalacewa ba ce, CIS ba ta ganin abin da ya ɗaga daga gilashi ko da kaɗan ne, kar ka danne murfi da ƙarfi ka fasa gilashi a banza.

Inda hannuna ke tsayawa

Daga nesa nake maka magana, ban riƙe na'urar a hannu ba, don haka abin da na faɗa bisa alamun da ka bayar ne. In ta tabbata ido ne ya mutu ko bod ya ƙone, ni ba na gyaran su, sai dai a samu irinta sak da ta mutu ta wani wajen a ciro a musanya, kuma kayan siraran nan ba a cika samunsu sababbi ba, sai an aika Kano ko Computer Village da ke Ikeja, in ka haɗa kuɗin kaya da na mota da na aiki wani lokaci ya kusa kuɗin sabuwa. A nan ne kawai zan ce maka ka sayi sabuwa. Kafin nan wayar hannu mai kyamara mai kyau na iya riƙe maka kwastoma na ɗan lokaci a kan takardun rubutu, amma fasfo da satifiket mai hatimi sikana ta fi fitar da su daidai.

In ta tashi, ka sa tela ya ɗinka mata riga ta leda ko yadi mai kauri da za ta rufe har gefe, ka ɗauke ta daga bakin taga da ƙofa, kar rana ta riƙa dukanta don zafin bazara na sakin gam ɗin da ke riƙe gilashi. Yanzu dai ka fara da canjin waya da ramin baya da makullin gindi, sannan ka turo min hoto biyu, na farar takardar da ka yi sikanin da kuma wanda ka zuƙo daidai kan layin, ka gaya min lambar samfurin da ke rubuce a gindinta da Windows ɗin da kake amfani da ita, daga nan zan gaya maka ko buɗewa za ka yi da kanka ko ka shigo da ita Gusau in duba.